Na je Kentaki ganin kogo, na dawo da tunanin jemage

Ni dai ba don jemage na je Amurka ba, gara in faɗi wannan tun farko. Yayata ce ta matsa sai na zo na ga inda take, ta haura shekara 20 a birnin Louisville na jihar Kentaki ita da maigidanta da yaransu, kullum sai dai mu gaisa a waya ko in sun zo hutun ƙarshen shekara. Allah Ya sa biza ta fito, na tashi a farkon watan Fabrairun 2025, azumi saura 'yan makonni, lokacin da kasuwarmu take ɗan yin sanyi in ban da 'yan noman rani. Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi ne a Funtuwa, na gaje ta wajen babanmu, kuma ku riƙe wannan a ranku don shi ne ya sa abin da na gani a can ya tsaya min a wuya har yau.

Babbar 'yar Yaya sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ni Mamana nake ce mata, ita kuma tace min Kawu. Tana jami'a tana karatun halittun daji. Hausarta tana nan daram duk da a can aka haife ta, sai dai in magana ta yi zafi ta kan ɗan tsaya tana laluben kalma, uwarta ta miƙo mata. Kwana na biyar da zuwa, na gaji da zaman ɗaki da kallon dusar ƙanƙara ta taga, sai tace Kawu ranar Asabar ka shirya zan kai ka kogon da ya fi kowane kogo tsawo a duniya, kuma zan nuna maka abin da ke hana ni barci. Nace to Mamana, Allah Ya kai mu.

Mun fita bayan asuba a motarta, Yaya ta cika mana filas da shayi mai kayan ƙamshi ta haɗa mana da dambun naman da na kawo tsaraba. Titi ne ɗoɗar zuwa kudu, babbar hanyar da suke kira I-65, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Itatuwa duk sun kaɗe ganye sun tsaya tsirara kamar an yi gobara, gonaki fayau babu kowa, sai shanu baƙaƙe jefi-jefi suna cin ciyawar da aka naɗe musu kamar ganguna. Wani abu da ya ɗaure min kai, muna cikin tafiya na duba waya sai na ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, na ɗauka wayar ce ta rikice, ashe jihar guda ce amma lokaci biyu gare ta, Louisville na gaba da yankin kogon da awa guda. Da muka kusa, Mamana ta riƙa nuna min wasu kwarurruka a tsakiyar gonaki, ƙasa ta lotsa kamar an danna ƙwarya a cikin yashi, tace duk ƙarƙashin nan farar ƙasa ce irin wadda ruwa ke narkarwa, ruwan sama in ya sauka ba ya gudu a sama, zurarewa yake ta waɗannan ramukan ya shige ƙasa, shi ne a hankali a hankali ya rarake dutsen ya yi kogon.

Kogon Mammoth ake kiransa. Abin da aka auna na hanyoyinsa zuwa yanzu ya haura mil 420, wato wajen kilomita 680, kuma har gobe masu bincike suna ƙara gano sabbin lunguna. Ku kwatanta, rami ne a ƙarƙashin ƙasa da in aka miƙe shi zai fi Kano zuwa Abuja nisa. Gwamnatin Amurka ta mai da wurin gandun ƙasa a 1941, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981.

Mu wajen 40 ne a rukuninmu, yawanci turawa da yaransu, sai wasu 'yan Indiya iyali guda. Mai yi mana jagora wata mata ce ma'aikaciyar gandun, da kakinta da faffaɗar hula, ta tara mu a wata rumfa ta karanta mana dokoki, kar a taɓa bango, kar a ci abinci a ciki, kar a haska fitila a kan wata dabba, sannan tace in mun fito kowa dole ya bi ta kan wata tabarma mai ruwan sabulu, babu wanda za a ɗauke wa. A lokacin ban gane dalili ba, na ɗauka tsabar son tsafta ne irin nasu.

Muka gangara wani kwari, sai ga bakin kogon, wawakeken rami baƙi ƙirin ruwa na ɗiga daga samansa, matakala ta yi ƙasa. A bakin wajen sanyi ya fi na waje ma, don da hunturu iska ciki take shiga, kana jin ta tana tura ka ta ƙeya. Amma da muka wuce ƙofar ƙarfe muka ɗan yi nisa sai jikina ya saki, saboda can ciki rani da damina yanayin ɗaya ne, wajen digiri 12.

Ba mu yi nisa ba matar ta ɗaga hannu tace a yi shiru. Ta nuna bango sama da kanmu kaɗan, ba ta haska shi kai tsaye ba, gefe ta haska. Wallahi da farko ban ga komai ba, sai da Mamana ta kama hannun rigata tace Kawu ga shi can, sannan na ga wani ɗan dunƙule manne da dutse, bai fi babban yatsana ba, jikinsa duk raɓa ta lulluɓe shi tana ƙyalli kamar an yayyafa masa sukari. Jemage ne, shi kaɗai, kai a ƙasa, ko motsi ba ya yi. Irin wanda suke kira mai launi uku, wai don kowane silin gashinsa kala uku ne daga tushe zuwa baki. Mamana ta raɗa min cewa nauyinsa bai kai dunƙulen magi biyu ba. Na tsaya ina kallonsa har aka fara wuce ni. Ni da na san jemage tun ina yaro, wanda muke kora daga zauren kakanmu da hayaƙin barkono, muke harbi da danƙo a bishiyar mangwaro, ake ce mana ƙazami ne wai ta baki yake kashi, ban taɓa tsayawa na kalli guda ɗaya a tsanake ba sai ran nan, a ƙasar wasu, ina da shekara 46.

Muna tafiya tana min bayani ƙasa-ƙasa. Tace a nan in hunturu ya shigo ƙwari ɗaukewa suke gaba ɗaya, babu sauro babu fara babu komai, to jemagen da abincinsa ƙwari ne ko dai ya yi ƙaura ko ya nemi kogo ya kwanta. Masu kwanciyar sai su ci su ƙoshi da kaka su tara kitse, su shiga rami su sauke zafin jikinsu har ya yi daidai da na dutsen da suke manne a kai, zuciyar da ke bugawa sau ɗaruruwa a minti ɗaya ta koma wajen sau 20 ko ƙasa da haka, numfashi ma sai jefi-jefi. A haka za su yi wata biyar ko shida. Nace ai wannan gaiwa ce Mamana. Tace mece ce gaiwa? Nace kifin nan namu da in tafki ya ƙafe yake shigewa cikin laka ya naɗe ya kwanta har ruwa ya dawo, mutanenmu na cewa jikinta take ci. Ta yi tsalle tace to shi ke nan Kawu ka gane, shi ma jikinsa yake ci, kuma guzurin a ƙididdige yake, babu rara. Duk bayan sati biyu ko uku yakan farka na ɗan lokaci, ya ɗumama jiki, ya lashi ruwa, ya koma, kuma wannan 'yar farkawar ita ke cinye mafi yawan kitsen da ya tara. Shi ya sa ko fitila ba a son a haska masa, tashi ɗaya na banza zai iya cin guzurin kwanaki masu yawa.

Muka ɓulla wani makeken fili da rufinsa ya yi da'ira kamar ƙubbar babban masallaci. Nan aka nuna mana tsofaffin akwatunan katako da bututun itace da aka rarake, tun na lokacin yaƙin Amurka da Ingila na 1812, ba su ruɓe ba saboda bushewar wurin. Bayi baƙaƙen fata ne suka yi aikin, suna haƙar ƙasar kogon suna tace ta da ruwa ana fitar da wani gishiri da ake haɗa albarushi da shi. Na daɗe ina kallon itatuwan nan ina tunanin hannayen da suka ɗauko su, wa ya sani ko cikin kakanninsu akwai wanda aka kamo daga ɓangarenmu. Matar ta ba mu labarin Stephen Bishop, bawa ne da aka kawo shi wurin a 1838 yana saurayi, ya zama jagoran da ya fi kowa sanin kogon, shi ne ya fara tsallake wani rami mai zurfi da kowa ke tsoro, ya buɗe hanya zuwa sassan da ba a sani ba, har ya zana taswirar kogon da ka. Mun bi ta kan wannan ramin, yanzu an yi masa gada ta ƙarfe, na leƙa ƙasa na ce innalillahi, mutum da 'yar fitilar mai a hannu ya yi wannan. Daga nan muka shiga wani matsattsen lungu mai lanƙwasa da sai ka karkace ka duƙa, gwiwa na gugar dutse, kafin ka fita ka miƙe.

A wani zaure mai bencina aka ce mu zauna mu huta. Matar ta kashe fitilu duka na ɗan lokaci don mu ga asalin duhun wurin. Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ka sa tafin hannunka a kan hancinka ba ka ganinsa, ni dai kabari na tuna na yi ta salati a zuci. Da ta kunna sai tace akwai alamu a rufin wasu sassan kogon da ke nuna cewa a zamanin da jemagu miliyoyi ne ke kwana a nan, shigowar mutane da toshe ƙofofi da canza yadda iska ke zagayawa suka kore mafi yawansu tun tuni, sannan 'yan ragowar da ake ta lallaɓawa sai ga wata sabuwar masifa ta faɗo musu.

Ciwon farin hanci suke kiransa. Fumfuna ce ke kawo shi, dangin wadda ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan sanyi take so, in zafi ya haura wajen digiri 20 ba ta girma, wato yanayin da jemage ya zaɓa don ya yi barci shi ne daidai yanayin da ta fi jin daɗi. Sunanta na masana Pseudogymnoascus destructans, Mamana ta rubuta min a waya don na kasa maimaitawa, su ma a bakinsu Pd kawai suke cewa. Tana fitowa fari-fari kamar gari a hancin jemage da kunnuwansa, daga nan sunan ya samo asali, amma ainihin ɓarnar a fiffike take yi. Fiffiken jemage fata ce siririya mai rai, da jijiyoyin jini a ciki, da ita yake daidaita ruwan jikinsa. To fumfunar ba a sama take tsayawa ba, cikin fatar take kutsawa tana ci, a daidai lokacin da garkuwar jikinsa ita ma ta yi barci. Sai ruwa ya riƙa tsiyayewa daga jikinsa, ƙishi ya dame shi, ya riƙa farkawa akai-akai fiye da ƙa'ida, kowace farkawa kuma kitse ne ke ƙonewa. Kafin hunturu ya raba tsakiya guzuri ya ƙare. Shi ne za ka ga jemage ya fito da rana tsaka cikin dusar ƙanƙara yana shawagi yana neman ƙwarin da babu su, har ya faɗi.

Wannan hoton ne ya kama ni. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san gidan da rumbunsu ya ƙare tun kafin a yi shuka, ya san yadda maigida ke fita da sassafe ba tare da ya san inda za shi ba, don dai zaman ba zai yiwu ba.

An fara ganin abin ne a watan Fabrairun 2006, wani mai shiga koguna ya ɗauki hoton jemagu da farin abu a hanci a wani kogo da ke yamma da birnin Albany a jihar New York, ba wanda ya san mene ne. Hunturun da ya biyo baya ma'aikatan da ke zuwa ƙirgar jemagu suka tarar da gawarwaki birjik a kogunan yankin. Daga nan ya bazu kamar wutar daji, jiha bayan jiha, ya shiga Kanada a 2010, ya iso Kentaki a 2011, a farkon 2013 aka tabbatar da shi a cikin wannan gandun da muke. A 2012 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa ya kashe tsakanin miliyan 5.7 zuwa 6.7, kuma tun lokacin bai tsaya ba, yanzu ya kai jihohi wajen 40. Wani bincike da ya fito a 2021 ya nuna iri uku, ƙaramin mai ruwan ƙasa, da mai dogon kunne na arewa, da mai launi ukun nan da muka gani, sun ragu da sama da kashi 90 cikin 100 a ƙasa da shekara 10. Wato ɗan dunƙulen da na gani a bango, a cikin kowane goma na danginsa tara sun tafi.

Wani bature ya tambaya daga ina fumfunar ta zo. Matar tace daga Turai. A can tana nan tun fil azal, har Asiya ma akwai ta, jemagun can sun saba da ita, tana kama su amma ba ta yi musu kisan kiyashi. Na Amurka ne ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Kuma jemage ba ya tsallake tekun Atlantika da fiffikensa, don haka abin da masana suka fi zato shi ne mutum ne ya ɗauko ta, a takalmi ko tufafi ko kayan shiga kogo, bai ma san ya ɗauko ba. Yawancin yaɗuwar bayan nan daga jemage zuwa jemage ne, tunda a cunkushe suke kwana, amma a 2016 sai ga ta kwatsam a jihar Washington can gaɓar yamma, nisan wajen mil 1,300 daga wuri mafi kusa da aka san tana nan. Ga shi ko jemagun kogo sun mutu duka, ita tana zama a cikin ƙasar wurin shekara da shekaru tana jiran na gaba.

Sai a nan na gane maganar tabarma. Muka hau wata doguwar matakala ta ƙarfe da ta yi ta juyawa sama har cinyoyina suka ɗau zafi, muka zago muka fito ta inda muka shiga, wajen awa biyu ke nan. A saman hanya ga tabarmar shimfiɗe, doguwa, jiƙe da kumfa. Da can wai baƙi ake bincika kar su shigo da cutar, yanzu da ta riga ta shiga, mu ake wankewa kar mu fita da ita zuwa wani kogon. Na ga yara suna tsalle a kai suna dariya. Ni kam a hankali na taka, ina goga kowace ƙafa, ina tunanin mutumin nan na farko, wanda ƙila mutumin kirki ne mai son koguna, ya je yawon buɗe ido ya dawo gida lafiya, har ya mutu ko yana raye bai san me ya bari a bayansa ba.

Muka yi alwala da ruwan gora a gefen mota, sanyi kamar zai cire yatsu, na haɗa azahar da la'asar, sannan muka shige mota muka kunna hita muka buɗe dambu da shayi. Nace Mamana abin tausayi ne ƙwarai, amma ki gaya min gaskiya, mutanen da ke da asibitoci da makarantu da za su kula da su, me ya sa ake kashe kuɗi haka a kan jemage? Ba don raini na tambaya ba, ina so in ji ne. Ta ajiye kofinta tace Kawu kai ne ma ya fi kamata ka ji wannan. Tace waɗannan ƙananan jemagun ba 'ya'yan itace suke ci ba irin manyan da kuke harbi a mangwaro, ƙwari suke ci, kuma uwa mai shayarwa tana iya cin abin da ya kusa nauyin jikinta a dare ɗaya, ciki har da malam-buɗe-littafin dare da ke saka ƙwan tsutsar da ke cin amfanin gona. Tun a 2011 wasu masana suka ƙiyasta cewa aikin da jemagu ke yi wa manoman Amurka kyauta ya kai aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. Sannan ta buɗo min wani bincike a waya, na wani malami a Jami'ar Chicago mai suna Eyal Frank, ya fito a mujallar Science a watan Satumban 2024. Mutumin ya bi ƙananan hukumomin da cutar ta shiga ɗaya bayan ɗaya ya kwatanta su da waɗanda ba ta kai ba tukuna. Ya gano inda jemagu suka mutu manoma sun ƙara yawan maganin ƙwarin da suke fesawa da wajen kashi 31 cikin 100, kuma a waɗannan wuraren mutuwar jarirai ta ƙaru da kusan kashi 8, ya lissafa jarirai 1,334 ke nan.

Na ajiye dambun, ya fita raina. Ni ne fa mai sayar da maganin. Ni na san yadda ake yi a wajenmu, na san yaron da ke goya famfon feshi a baya babu takalmi babu abin rufe hanci, ruwan maganin na zuba masa a gadon baya, na san mai auna magani da murfin kwalba ya ƙara biyu a kan abin da aka rubuta don wai ya fi ci, na san galan ɗin da ake ɗauraye shi a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, na san mai fesa wa wake a buhu ya kai kasuwa. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta shigo mana, da tsutsar sharon da ta ƙone tumatir a shekarar, cinikin maganin ƙwari bai taɓa ja baya ba a shagona, kuma ina murna da cinikin, da shi na yi gini na aurar da ƙannena. To in a ƙasar da ke da doka da awo da ma'aikatan sa ido ƙarin feshi ya taɓa jarirai haka, mu fa? Ban ce jemagunmu na mutuwa da wannan ciwon ba, Mamana ma tace namu ba sa irin wannan dogon barcin kuma zafinmu ya fi ƙarfin fumfunar. Mu da hannunmu muke yi, da hayaƙi, da danƙo, da sare tsofaffin itatuwan kuka da tsamiya masu kogo, da toshe duk wata kafa a rufin makaranta da masallaci jemagun na ciki.

Nace to babu magani ne? Tace ana ta ƙoƙari. Akwai masu gwada rigakafi, akwai masu fesa wasu ƙwayoyin halitta masu hana fumfunar girma, akwai masu gwada wani irin haske da ke kashe ta, har akwai masu kunna fitilu kusa da bakin koguna da kaka don ƙwari su taru jemagu su ci su yi ƙiba kafin su kwanta. An rufe koguna da yawa da ƙofofin ƙarfe masu tazara, jemage ya wuce mutum ba zai iya ba. Amma kogo nawa za ka bi, rami nawa za ka fesa? Abin da ya fi ba ta ƙwarin gwiwa shi ne a wuraren da cutar ta fara, irin su New York, an ga 'yan ragowar ƙananan masu ruwan ƙasa sun daina raguwa, wasu ma sun fara ƙaruwa, kuma an lura suna shiga barci da kitse fiye da na da. Sai dai jemage ba ɓera ba ne, yawancinsu ɗa ɗaya uwa ke haifa a shekara, ko da yake suna da tsawon rai, akwai wanda ya haura shekara 30. Tace Kawu ko komai ya tafi daidai, ni ba zan ga sun koma yadda suke ba, sai dai jikokina. Ta faɗi haka idonta ya kawo ruwa, yarinya 'yar shekara 21. Mai dogon kunnen nan kuma tace tun 2023 gwamnati ta sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Ta kuma ja min kunne, tace ciwon farin hanci ba ya kama mutum, amma kar in ce don na ji tausayinsu in koma gida ina kama jemage da hannu, suna iya ɗauke da wasu cututtukan kamar haukan kare, abin da ake so kawai a ƙyale su. Maganar kashi ta baki kuwa ta yi dariya tace ba gaskiya ba ne, masu cin 'ya'yan itace ne ke tsotse ruwan su tofar da tuƙar, shi ne mutane ke gani.

Kafin mu kama hanya muka taka zuwa wata 'yar tsohuwar maƙabarta a cikin itatuwa kusa da ofishin baƙi, inda aka binne Stephen Bishop. An 'yanta shi a 1856, ya rasu a 1857, shekara ɗaya tak ya yi yana mallakar kansa. Muka ɗan tsaya shiru a bakin shingen, iska na kaɗa busassun ganye, sannan muka juya.

Da daddare a gida Mamana ta karɓi takalmana da nata, ta kankare ƙasar da ke maƙale a ƙasansu da tsohon burushi, ta tsoma su a bokitin ruwan zafi tana auna shi da wani ɗan ma'auni, tace sai ya kai digiri 55 ake so. Yaya na tsaye a ƙofar kicin tana cewa ke dai kin mai da ƙanina ɗalibinki. Duk da wankin ban dawo da takalman nan Najeriya ba, na bar su can a garejinsu, raina bai kwanta in sa su a akwati ba.

Na dawo ana jibi za a ɗauki azumi. Sati na farko na je ƙauye gaida baffanmu, har yanzu tsohon zauren kakanmu na nan da rufin azara, an daina zama a ciki sai ajiyar kara da buhunan dusa. Baffa yace dama yana jiran in zo in kawo magani mai ƙarfi a fesa a ciki, jemagu sun dame su da wari. Nace Baffa a yi min alfarma a bar su, ni zan sa yara su riƙa share kashin duk sati a kai gona, taki ne mai kyau, kuɗin sharar a wuyana. Ya dube ni ya daɗe, yace to, tunda kai ka ce. Da yamma aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ana jiran shan ruwa, ga kunu ga ƙosai an jera, ni kuma na juya na fuskanci zauren. Rana na faɗuwa suka fara fitowa ta wata tsaga a saman ƙofa, ɗaya, biyu, sai uku a tare, ƙanana baƙaƙe, suna yin wajen fadama inda ake noman rani. Na ɗaga waya ina ɗauka don in tura wa Mamana ina ƙirgawa a baki, yaran gidan suka zagaye ni su ma suka kama ƙirga da ƙarfi, mun kai 63 ladan ya kira salla.